Ƙarambau ya kama yaro, hizam nari ya kama kaka, ga mai ciki a gida: me ya kamata mu yi?

Maman Biyu, Makka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya ba ilimin lafiya a cikinku. Muna zaune a yankin Shari' Mansur, gida ɗaya da surukata da kuma ƙanwar mijina. Ɗan mijina mai shekara 6, wanda aka kawo mana daga Kano a bara, ya yi zazzaɓi, sannan kwana huɗu da suka wuce ƙuraje masu ruwa suka feso masa a ƙirji da baya da fuska, har cikin kai. Duk wanda ya gani sai ya ce ƙarambau ne, abin da wasu ke kira farankama, mutanen nan kuma suke cewa unguz.

Ana cikin haka sai Hajiya surukata, wadda ta haura shekara 60 kuma tana da ciwon sukari, ta ce haƙarƙarinta na dama yana mata zogi kamar ana ƙona ta, ta kai mako tana faɗa muna zaton gajiya ce. Shekaranjiya sai ga ƙananan ƙuraje a jere, daga tsakiyar baya suka zagayo zuwa ƙasan ƙirji, a gefe ɗaya kawai. Wata maƙwabciyarmu ta ce hizam nari ne, sunan da Larabawa ke kiran wannan ciwo da shi, kuma wai a wurin yaron ta ɗauka, maganar da ta jawo ɓacin rai a gidan. Abin da ya fi damuna shi ne ƙanwar mijina tana da cikin wata huɗu kuma ba ta san ko ta taɓa yin ƙarambau ba, ga kuma jaririyata mai wata tara. Shin da gaske yaron ne ya shafa wa Hajiya? Wane magani ya kamata a ba su, kuma yaya za mu kare mai cikin da jaririyar?

Ma'aikaciyar Jinya, Jidda

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba su lafiya. Zan fara da abin da ba ya jira, domin a cikin mutanen da kika lissafa akwai biyu da ya kamata likita ya gani yau ɗin nan: Hajiya da ƙanwar mijinki.

Hajiya tana cikin lokacin da magani ya fi amfani. Magungunan da ke daƙile wannan ƙwayar cuta, wato acyclovir ko valacyclovir ko famciclovir, sun fi aiki idan aka fara su cikin sa'o'i 72 daga fitowar ƙurajen, ga shi kin ce shekaranjiya suka fito, ke nan saura kaɗan wa'adin ya cika. Yawanci ana shan su kwana 7, acyclovir sau biyar a rana, valacyclovir sau uku, amma likita ne zai tsayar da adadin, saboda mai ciwon sukari da ta manyanta sai an duba lafiyar ƙodarta, idan ƙodar ta yi rauni a rage. Ta kuma yawaita shan ruwa a kwanakin da take shan maganin. Ko da kun makara an wuce kwana ukun, kada ku fasa zuwa, domin matuƙar sababbin ƙuraje suna ci gaba da fitowa likitoci sukan ba da maganin.

Game da maganar maƙwabciyarku, ba haka abin yake ba, kuma ina roƙonki ki bayyana wa mutanen gida don a cire wa yaron wannan zargi. Ƙwayar cuta ɗaya ce ke kawo cututtukan biyu, sunanta varicella-zoster. Karon farko da ta shiga jikin mutum sai ta ba shi ƙarambau, bayan ya warke kuma ba ta barin jikin, sai ta koma ta laɓe a tushen jijiyoyin da ke fitowa daga laka, ta zauna shekaru masu yawa garkuwar jiki tana danne ta. Idan garkuwar ta yi sanyi saboda tsufa, ko ciwo irin na sukari da daji, ko magungunan da ke rage ƙarfinta, sai ƙwayar ta farka ta bi jijiya ɗaya zuwa fata. Wannan ne dalilin da ya sa zogi ke riga ƙuraje zuwa da kwanaki, kuma ƙurajen suke tsayawa a gefe ɗaya ba sa ƙetare tsakiyar jiki. Saboda haka Hajiya daga jikinta ciwon ya taso, daga ƙarambau ɗin da ta yi tun tana yarinya, ko da ba ta tuna ba. Ita ma ba ita ta shafa wa yaron ba, domin ƙarambau yakan ɗauki kwana 10 zuwa 21 kafin ya bayyana, shi kuma nasa ya riga nata fitowa. Mai yiwuwa a makaranta ko wurin wasa ya samo.

Sai dai akwai hanyar da ta kamata ku kula da ita: ruwan da ke cikin ƙurajen Hajiya zai iya ba wanda bai taɓa yin ƙarambau ba, kuma ba a yi masa rigakafi ba, ƙarambau. A rufe wurin da tufa mai laushi mara matsewa, a ware mata tawul, mai yi mata hidima ta wanke hannu, har sai ƙurajen sun bushe.

Ƙanwar mijinki kuwa, ta riga ta zauna da yaron a lokacin da ya fi yaɗa cutar, domin mai ƙarambau yana yaɗawa tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su fito, ta iska da ta taɓawa, har zuwa ranar da dukkansu suka yi ɓawo. Ta je wurin likitar da take yi mata awon ciki, amma ta kira ta sanar tukuna don kada a zaunar da ita cikin sauran masu ciki. Za a ɗebi jininta a auna ko tana da garkuwar wannan cuta. Mafi yawan manya da ke cewa ba su tuna ba, idan aka auna sai a tarar sun taɓa yi, idan haka ne kuwa hankali ya kwanta. Idan ba ta da garkuwa, akwai allurar da ke ɗauke da garkuwar da aka tace daga jinin wasu, wadda ake yi cikin kwana 10 daga haɗuwa da mai cutar, wasu likitocin kuma acyclovir suke bayarwa a matsayin kariya. Allurar rigakafin ƙarambau ta yau da kullum ba a yi wa mai ciki, saboda ƙwayar da ke cikinta rayayya ce da aka raunana.

Dalilin wannan gaggawa biyu ne. Ita uwar, ƙarambau yana iya sauka mata a huhu, kuma wannan ya fi tsanani ga masu ciki. Shi kuma ɗan tayin, idan uwa ta kamu a makonni 20 na farko, akwai yiwuwar, wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, ya sami tabo a fata ko matsala a ido ko gaɓoɓi ko ƙwaƙwalwa. Adadin kaɗan ne, kada ku firgita ta da shi, amma ya isa a ce ba a zauna a gida ana jira ba.

Abu Yasir, Madina

Allah ya saka wa Malama da alheri. Ni dattijo ne, shekarata 68, kuma na sha wannan ciwo a kafaɗata ta hagu, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Ƙurajen sun bushe cikin makonni kaɗan, amma raɗaɗin bai tafi tare da su ba. Watanni na yi ko rigar da ke jikina idan ta gogi wurin sai in ji kamar an ɗora mini garwashi, barcin dare ya gagara, tsayuwar salla a cikin sahu ma ta zama wahala saboda gudun kada kafaɗar wani ta taɓa tawa. Likita ya bayyana mini cewa jijiyar ce ta ji rauni, kuma irin wannan zogi da ke wanzuwa bayan warkewa yakan sami kusan mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma na waɗanda suka yi hizam nari, ya fi yawa kuma ga tsofaffi.

Abin da nake so 'yata ki sani shi ne, idan Hajiya ta ci gaba da kukan ciwo bayan fata ta warke, kada a ce raki take yi ko son a kula da ita. Magungunan ciwon kai da muka saba da su ba su cika yi wa wannan zogi komai ba. Akwai na jijiya, irin su gabapentin da amitriptyline, da kuma wani filasta mai kashe zafi da ake liƙawa a wurin, duk likita ne ke rubuta su, kuma yana farawa da kaɗan saboda suna sa tsoho jiri da barci, ana gudun faɗuwa. Ku kuma sa ido a kan sukarinta, domin ciwo da rashin barci suna hargitsa shi.

Hajiya Babba, Makka

Sannunku da jinya. Mu dai a da, idan yaro ya yi ƙarambau ba a kai shi asibiti, ana dafa ganyen darbejiya a yi masa wanka, wasu kuma ba sa bari ruwa ya taɓa shi sai ƙurajen sun gama fitowa, kuma muna haɗa yaran gida wuri ɗaya su yi gaba ɗaya a huta. Ina tambaya ne don in ƙaru, Malama, shin wannan akwai laifi a cikinsa? Kuma zazzaɓin nasa ba za a ba shi aspirin ko irin ruwan maganin nan na Brufen ba?

Ma'aikaciyar Jinya, Jidda

Hajiya Babba, na gode da kuka yi wannan tambaya, musamman ta ƙarshen. Kada a ba yaro mai ƙarambau aspirin ko wani magani da ke ɗauke da shi, domin haɗuwar biyun tana iya jawo wata larura mai suna Reye, wadda ke kumbura hanta da ƙwaƙwalwa, ba ta da yawa amma tana kisa. Brufen, wato ibuprofen, shi ma likitoci suna hana shi a wannan ciwo saboda an danganta shi da munanan cututtukan fata da naman da ke ƙarƙashinta. Paracetamol shi ne na zazzaɓin, gwargwadon nauyin yaron.

Hana wanka kuwa ban goyi bayansa ba, ballantana a zafin Makka. Babbar matsalar da ƙarambau ke jawo wa yara ita ce ƙwayoyin cuta su shiga ƙurajen da aka sosa, datti da gumi kuma su ne ke buɗe musu hanya. A yi masa wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, a tsane jikin da tawul a hankali ba tare da gogawa ba, a yanke masa farce, a sa masa tufafin auduga marasa nauyi, a shafa calamine, wato ruwan maganin shafawa mai kwantar da ƙaiƙayi, a inda yake damunsa. Idan ƙaiƙayin ya hana shi barci likita zai iya ba shi maganinsa na sha. Ruwan darbejiya ba ya kashe ƙwayar da ke cikin jiki, idan an tace shi da kyau an yi wanka da shi ban ga abin tayar da hankali ba, amma toka da ƙasa da man da ba a san haɗinsa ba kada su kusanci ƙurjin da ya fashe. Idan ƙuraje sun fito masa a baki, a ba shi abinci mai laushi mara yaji da ruwa a kai a kai. Maganin kashe ƙwayoyin bakteriya ba ya aiki a kan ƙarambau, sai idan ƙurajen sun ruɓe likita ya ga buƙata.

Yaro mai ƙoshin lafiya ɗan ƙasa da shekara 12 yawanci ba ya buƙatar acyclovir, yakan warke cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Wanda ya haura haka, da babba, da mai raunin garkuwa, su ne ake so a fara musu cikin sa'o'i 24 na fitowar ƙuraje. Amma Maman Biyu, ki garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne idan zazzaɓin ya wuce kwana huɗu ko ya sauka ya dawo da ƙarfi, ko wani wuri a fatarsa ya yi ja ya kumbura yana zafi ko yana fitar da mugunya, ko numfashi ya yi masa wuya, ko ya riƙa tangaɗi idan yana tafiya, ko wuyansa ya sanƙare, ko barci ya yi masa nauyin da tayar da shi ke wuya. Waɗannan alamu ne na cewa ciwon ya taɓa huhu ko ƙwaƙwalwa ko jini.

Haɗa yara don su kamu kuwa, iyayenmu sun yi shi ne a lokacin da ba su da wata kariya, kuma sun lura da gaskiya cewa ciwon ya fi sauƙi a ƙuruciya. Yanzu da akwai rigakafi babu dalilin jefa yaro cikin ciwon da ba a san yadda zai ƙare masa ba, ga shi kuma zai ɗauki ƙwayar a jijiyarsa har tsufa. Yaron ya zauna a gida, ba makaranta, ba tahfiz, ba Harami, sai duk ƙurajen sun bushe. Cunkoson Harami ya ƙunshi masu ciki da tsofaffi da marasa lafiya daga ko'ina a duniya, kai shi can zalunci ne a kansu.

Maman Biyu, Makka

Allah ya saka muku da alheri. Mun kai Hajiya mustausaf, wato ƙaramin asibiti, da yamma, likita ya duba ya tabbatar hizam nari ne, ya rubuta mata magani. Na yi mamaki da bai ɗebi jini don gano ciwon ba, sai na ƙoda da sukari kawai. An ɗebi jinin ƙanwar mijina, muna jiran sakamako. Saura maganar jaririyata, da kuma maigidan, wanda shi ma ya ce bai san ko ya taɓa yi ba.

Ɗalibin Likitanci, Riyad

Yaya, abin da likitan ya yi daidai ne. Cututtukan nan biyu galibi da ido da tarihin mara lafiya ake gane su. Hizam nari yana da siffarsa ta zogi da jerin ƙuraje a gefe ɗaya, ƙarambau kuma ana gane shi da cewa a lokaci guda za ki ga ƙuraje iri-iri a jikin yaro, wani sabon jan ɗigo, wani ya ɗuri ruwa, wani ya riga ya bushe, kuma sun fi yawa a gangar jiki da fuska fiye da hannu da ƙafa. Wannan ne ke taimakawa wajen bambanta shi da ƙyandar biri, wadda ƙurajenta suka fi tauri da zurfi, sukan tafi a mataki ɗaya, kuma takan zo da kumburin kaluluwa. Idan an yi shakka sai a shafo ruwan ƙurji a yi gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar kanta.

Akwai abu ɗaya da nake so duk mai karanta wannan zaure ya riƙe, ko da bai shafi Hajiya ba tunda nata a haƙarƙari yake. Idan hizam nari ya fito a goshi ko fatar ido, musamman idan aka ga ƙurji a gefe ko kan hanci, to jijiyar da ke zuwa ido ce ta kamu, kuma ana buƙatar likitan ido a ranar, saboda mutum yana iya rasa ganinsa. Idan kuma a kunne ya fito, yana iya karkatar da baki ya shanye rabin fuska, ya taɓa ji. Haka nan matashin da ya yi hizam nari mai tsanani, ko ya maimaita masa, ko ya bazu a wurare da yawa, ya dace a bincika abin da ya raunana garkuwarsa.

Jaririyarki ba ta kai shekarun rigakafi ba, domin ba a fara shi sai yaro ya cika shekara ɗaya. Idan ke kin taɓa yin ƙarambau, ta sami wata kariya daga gare ki tun tana ciki, amma a wata tara yawancin wannan kariya ta ragu, don haka ki sa rai tana iya kamuwa nan da mako uku. Ki raba musu ɗaki gwargwadon iko, ki ci gaba da shayar da ita, ki sanar da likitan yara tun yanzu, kuma da zarar kin ga zazzaɓi ko ƙurji ki kai ta. Wanda ya kamu a cikin gida sau da yawa nasa yakan fi na farkon yawan ƙuraje, saboda daɗewar da ya yi tare da mai cutar. Jariran da suka fi shiga haɗari su ne waɗanda ƙuraje suka fito wa uwarsu daga kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta, wannan kuwa a asibiti ake kula da shi.

Maigidan ya je markaz sihhi, wato cibiyar lafiya ta unguwa, gobe. Ƙarambau a babba ya fi tsanani sosai, musamman ga mai shan taba, kuma a ƙasashe masu zafi irin namu ba abin mamaki ba ne mutum ya girma bai taɓa yi ba. Allurar rigakafi idan aka yi ta cikin kwana 3 zuwa 5 da haɗuwa da mai cutar tana iya hanawa ko ta sassauta. A lissafinki wannan wa'adi ya ƙure ko yana gab da ƙurewa, amma ko ba ta tare wannan karon ba za ta kare shi nan gaba, likita ne zai ga ko a fara da gwajin jini.

Rigakafin ƙarambau ba sabon abu ba ne, wani masani ɗan Japan, Michiaki Takahashi, shi ya samar da shi a 1974, Amurka ta fara amfani da shi a 1995. A nan Saudiyya yana cikin jadawalin rigakafin yara, allura ɗaya a wata 18, ta biyu lokacin shiga makaranta, amma ba ya cikin jadawalin yau da kullum na Najeriya, kuma ina ganin a nan ne aka sami giɓi a kan yaronku. Duk wanda aka kawo masa yaro daga gida, ya ɗauki katin rigakafinsa ya kai markaz a duba abin da ya rage a cike masa. Macen da ba ta da garkuwa kuma, a yi mata allura biyun kafin ta ɗauki ciki, ta jinkirta ɗaukar cikin wata ɗaya bayan allurar, ko a yi mata bayan ta haihu, shayarwa ba ta hanawa.

Ga iyayenmu kuma, kusan mutum ɗaya cikin uku zai yi hizam nari a rayuwarsa. Akwai rigakafinsa mai suna Shingrix, allura biyu da tazarar wata 2 zuwa 6, wanda kariyarsa ta haura kashi 90 cikin 100, kuma ba rayayyar ƙwaya ba ce a cikinsa. Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya tana kiran waɗanda suka kai shekara 50, da masu raunin garkuwa daga shekara 18, su yi shi, ana neman lokaci ta manhajar Sehhaty, ana kuma iya kiran 937 don tambayar wanda ya cancanta da inda ake yi. Yakan sa ciwon hannu da kasala da ɗan zazzaɓi na kwana biyu ko uku. Hajiya ma za ta iya yi bayan ta warke sarai, domin ciwon yana iya dawowa, haka shi ma Baba Abu Yasir idan bai riga ya yi ba.

Abu Yasir, Madina

Na yi allurar farko ɗana, ta biyun ce nake ta ɗagawa saboda yadda hannuna ya yi tsami a wancan karon. Tunda ka ce allura biyu ce ake yi, zan sa yaro ya nema mini lokaci a wannan makon in sha Allah, in tafi da mai ɗakina, ita ma ta haura 50 kuma ba a yi mata ko ɗaya ba. Maman Biyu, ki sanar da mu sakamakon jinin ƙanwar maigidanki idan ya fito.